Maneji a Bakin Rijiya

Akwai wata kalma da ta shigo garin nan, ban san ranar da ta shigo ba, ban kuma san wanda ya yi mata iso ba. Na dai wayi gari na tarar da ita zaune a bakin kowa, ta miƙe ƙafa abinta. Maneji. An ce ta Turawa ce, amma na rantse su masu ita ba su wahalar da ita kamar yadda muke wahalar da ita a Kankia. Ka gaida mutum da safe, ka ce ina kwana, yaya iyali, maimakon ya ce lafiya lau ya gode wa Allah da ya tashe shi, sai ya karkace wuya ya ce, "Ana maneji." Ki kai wa tela atamfarki mai tsada, ya ɗinko riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ki buɗe baki za ki yi magana, ya riga ki: "Hajiya, yi maneji, ai mayafi zai rufe." Ni da na biya kuɗin ɗinki, ni ce kuma zan yi ta yawo ina ɓoye hannu a cikin mayafi kamar wadda ta yi sata.

Ba ma'ana ɗaya gare ta ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, kowa da inda yake jan ta. Ranar kasuwa ki shiga mota a bakin titi, kujerar mutum uku an zuba huɗu, ga buhun masara a ƙarƙashin ƙafa, kwandasta ya leƙo ya ce, "Iya, a ɗan yi maneji, ga mutum ɗaya nan." Ina zan sa shi, a kaina? To a nan maneji na nufin ki matse ƙasusuwanki ki yi shiru. Wurin mai injin niƙa, in haƙoran injinsa sun cinye ya ba ki gari duk tsaki, maneji na nufin ɗauki kwanonki ki ba na baya wuri. Wurin mai kemis, in babu maganin da likita ya rubuta ya miƙo wani mai kama da shi a kwali, maneji na nufin sai abin da Allah ya yi. A gidan biki kuwa, in shinkafa ta ƙare kafin a zo kanki, ƙanzo ne za a kankaro a miƙo miki da wannan kalma a bisa kamar nama. Har Bafulatanar da ke kawo mini nono daga wajen Fakuwa, wadda na san uwarta tun tana tallan man shanu, ranar nan na ce nonon ya yi ruwa-ruwa, ta yi dariya ta ce, "Rani ne, Hajiya, shanun ma maneji suke." Shanu! Na ajiye ludayin na dube ta.

Na taɓa tambayar surukata, matar ɗana, da yake malamar makaranta ce, na ce wai ita wannan kalma mene ne asalinta. Ta ce a Turancin ma fuskokinta da yawa: tafiyar da aiki, iya riƙon abu, samun yadda aka yi aka tsallake wata wahala da kyar. Ta ce manajan banki ma daga nan sunansa ya fito. Na ce ikon Allah, ashe mai kwat ɗin nan da ke zaune cikin sanyi da kwandastan da ke cusa ni a mota uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tashi ta ɗora tukunya a kan rishonta mai karyayyiyar ƙafa, wanda ta tokare da gutsuren bulo. Na nuna mata shi da baki. Ta ce, "Mama, ana maneji." Ban sake yi mata magana ba sai bayan la'asar.

Kada wani ya ɗauka cewa nake mu cikin wadata muka tashi. Wace wadata? Tuwon dawa da miyar kuka, nama sai salla ko in akuya ta yi niyyar mutuwa aka riga ta. Zane ɗaya gare ni ina yarinya, in an wanke shi sai in ɗaura tsumma in zauna a ɗaki har ya sha iska. Mun san babu, mun zauna da ita ɗaki ɗaya. Amma kowane irin rashi da sunan da muke kiransa. In ana ɗibar hatsi a rumbu da lissafi don ya kai kaka, wannan tattali ne, kuma abin yabo ne ga mace. In fari ya ƙone gona, wannan haƙuri ake yi, don ba hannun kowa a ciki. In jaki ya tsufa ana rage masa kaya, lallaɓa shi ake. Ƙwarya in ta tsage, akwai gyartai da ke zagayowa unguwa da basillarsa yana kira, ya ɗinke ta tsaf. Sai dai ɗinkakkiyar ƙwarya ta sauka daga matsayinta ke nan, kowa ya sani. Ba a sake dama wa baƙo fura a ciki, dusa za ta koma ɗauka ko wankin hatsi. Ba wanda zai miƙo maka ita da fura tana zuba ta gindi ya tsare ka da ido ya ce sha haka nan. Ita wannan kalma ta yanzu duk ta haɗe su wuri ɗaya, da tattali da haƙuri da lalaci da ha'inci, ta yadda in mutum ya faɗe ta ba ka san wanne yake nufi ba, shi ma sau da yawa bai sani ba.

Abin da ya sa na tsane ta har cikin raina kuwa, a bakin rijiya ya faru, kuma sai na koma baya kafin a gane.

Ƙauyenmu yana can ƙasar Kusada, rijiyar unguwarmu kuma tana gindin wata tsamiya. Zurfi gare ta, in ka leƙa sai ka hango ruwan can ƙasa yana ƙyalli bai fi faifai ba. Da ita muke tashi. Kafin rana ta fito za ka ji igiya na gurzar itacen bakin rijiya, itacen da igiyoyi suka yi wa zane-zane masu zurfi tun zamanin kakanni, ka ji wasaki, gugan nan na fata, ya faɗa ruwa can ƙasa, ka ji mata na gaisawa da muryar barci. Tulu yana da kuka iri biyu, na lokacin da yake wofi da na lokacin da ya kusa cika, ko ido a rufe mun san sa'ar da za mu tsaya. Daga cikin gidaje kuma luguden daka ya ɗauka, wannan gida ya amsa wa wancan. Da hantsi Fulani su kawo shanu su sha ruwa a kwami, mu koma gefe muna tsokanar 'yan matansu, suna rama mana da Fillanci. Tsofaffi su ce mana kada a leƙa rijiya da ɗankwali a sake, kada a yi faɗa a bakinta, kada a ja guga ana waige. Ba su cika ba mu dalili ba, mu ma ba mu cika tambaya ba.

Da bazara ruwa kan ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka. To sai a sa ranar yasa, wato a sauke mutum ciki ya kwashe lakar da ta toshe idon ruwa, ana janyewa da kwando. Aikin samari ne masu ƙarfi, kuma ba da igiyar guga ake sauke su ba. Akwai wata daban da ake kira igiyar mutum. Da rama ake yin ta, wadda aka jiƙa a tafki bayan kaka har warinta ya ishi gari, aka ɓare aka busar, tsofaffi suka zauna gindin tsamiya suna tufka a kan cinya, zare uku a murɗe wuri ɗaya. Ba ta taɓa ruwa, ba a ɗaure kaya da ita, ba a ba da aronta ko ga surukin Mai Unguwa. A rufin zaurensa take rataye inda hayaƙi ke samunta. Ban san ko haka ake yi a wasu garuruwa ba, amma mu a wurinmu, ranar yasa sai an shimfiɗa ta a ƙasa, uwar wanda zai shiga ta bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan. In ta ce to, a sauke shi. In ta ce a'a, magana ta ƙare. In kuwa ɗan fari ne, da yake uwa na kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa balle ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, sai gwaggonsa, ƙanwar uba ko yayarsa, ta tsaya a madadinta.

Shekarar da aka zaɓi yayana, Yaya Sale, na zama budurwa, ni aka ɗora wa ƙwaryar furar masu aiki. Shi ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "yayanku". In ya shigo tsakar gida ta kau da kai, in ya gaishe ta ta amsa wa bango. Don haka gwaggonmu ce ta zo duba igiya. Mace ce mai barkwanci, Allah ya jiƙanta, ta bi igiyar da sauri tana ja tana zolayar mazan da ke tsaye, ta kai ƙarshe ta kakkaɓe hannu ta ce lafiya lau. Aka sauke fitila cikin rijiyar ta dawo da wutarta, alamar iskar ciki ba ta da illa. Yaya Sale ya tuɓe riga ya naɗe wando. Sai ga Inna da tulu a ka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar mai wucewa. Ta sauke tulun. Ta durƙusa ta kama kan igiyar.

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta riƙa bin igiyar da yatsu sannu sannu, idonta a rufe, tana matsawa da gwiwa cikin ƙasa, har na ji kunya ta kama ni na rasa inda zan sa fuskata. Wajen tsakiya ta tsaya. Ta sa farcen babban yatsa ta buɗe murɗin, sai ga zare ɗaya a cikin ukun kusu ya ci shi ta ciki, ya bar bayan lafiya lau.

Mai Unguwa ya matso ya duba, ya ce, "Haba matar Malam, ai zare guda ne. Biyun na nan da ƙarfinsu. A naɗe wurin da tsumma, yaron ga ba wani nauyi gare shi ba."

 Inna ta naɗe igiyar kamar gammo, ta zauna a kai.

Babanmu ya zo ya sunkuya, ya yi ƙasa da murya: "Tashi mana, kina ba ni kunya cikin mutane." Ko motsi ba ta yi ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, liman ma ya sa baki. Yaya Sale na tsaye ba riga, kansa a ƙasa, bai san ko ya tafi ko ya tsaya ba. Ba wanda ya isa ya ɗaga matar mutum daga inda ta zauna, ba kuma wanda ya yi tunanin jan igiyar daga ƙarƙashinta. Da rana ta take, maza suka shanye furar da na kawo, don ba a mayar da fura gida, suka watse suna gunaguni.

Ramar da ke gari ba ta isa sabuwar igiya ba, sai da aka aika har Rimaye aka haɗo. Kwanakin da aka yi ana tufka, mata na tafiya wani ƙauye ɗibar ruwa cikin zafin bazara, ni ma da tuluna, ƙafafuna duk suka yi bororo. Ba irin sunan da ba a kira Inna da shi ba a hanyar nan. Marar kunya, mai nuna son ɗa, wadda ta fi kowa haihuwa. Ni kaina na yi fushi da ita. Aka gama igiya, ta sake bi da hannunta, yanzu kam ba wanda ya yi salati, Yaya Sale ya shiga ya fito, ruwa ya dawo. Tsohuwar igiyar kuwa aka ɗaura mata guga, don ta sauka daga matsayinta. Kuma ga abin haushi, ba ta tsinke ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana nan tana jan ruwa. Kullum Inna ta zo rijiya sai an sami mai tsokana. Wata safiya wata maƙwabciyarmu ta ɗaga igiyar ta ce, "Ga igiyar taki da kika sa muka sha wuya, har yau ko gezau."

Inna tana ɗaura gammo, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Guga ba ɗana ba ne."

Ranar ce kaɗai a duniya na ji ta kira shi ɗanta. Da na koma gida na faɗa wa Yaya Sale. Ya dube ni, ya tashi ya zagaya bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Duk sun tafi yanzu, Inna, Baba, gwaggonmu, Mai Unguwan wancan lokaci. Yaya Sale ma ya bi su, matarsa ta riga shi. Ni aure ya kawo ni Kankia, sai dai in je ƙauye gaisuwa ko suna. Aka zo aka haƙa musu burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, aka rufe rijiya da tsohon kwanon rufi aka ɗora ƙaya. Ban ce burtsatse bai yi ba, ya yi, bayan mata ya huta. Amma ba ruwan da ke kuka a jarka yadda yake yi a tulu, kuma layin famfo ba wurin gaisuwa ba ne, wurin faɗa ne a kan wa ya riga wa. Yaran da aka haifa bayan nan ba su san ana tufka igiya ba, a zatonsu a kanti take tsirowa.

Bazarar da ta wuce na je sunan wata jikanyar ƙanwata, na tarar injin burtsatsen ya ƙone. An kira mai gyara ya yi masa maneji, ya yi aiki kwana kaɗan ya tsaya, ya sake yi masa wani manejin, daga nan ya mutu murus. Gari ya koma kan tsohuwar rijiya, aka ɗage kwano aka tarar da laka. Ina zaune a gidan Hamisu, ɗan farin Yaya Sale, magidanci da furfura a gemu da 'ya'ya cike da gida, sai na ga matarsa na dama kunu a babbar roba. Na ce na mene ne wannan da yawa haka? Ta ce, "Ai yau za a yashe rijiya, Gwaggo. Shi ne ma zai shiga, wai aikin babanshi ne." Na ce wa ya duba igiya? Ta dube ni kamar na yi mata Larabci.

Ban san sa'ar da na sa takalmi ba. Na isa gindin tsamiya na tarar da maza cike, Hamisu ya tuɓe riga, tumbinsa a waje. Igiyar kuwa ga ta nan a yashe, ta roba ce shuɗiya, wadda wani direban babbar mota ɗan unguwar ke ɗaure buhuna da ita. Guda biyu ce ma aka ƙulla a tsakiya don ta kai. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya san akwai abin da ake kiran gwaggo ta yi. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na kama kanta. Tun kamun farko ta soke ni. Rana ta gasa ta shekara da shekaru a kan mota, ina ja tana barin shuɗin gari a tafin hannuna. Kusa da ƙullin kuwa duk ta yi gashi, inda ƙarfen mota ya riƙa cin ta.

Na ce, "Wannan ba ta sauke mutum."

Hamisu ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi da ƙananan yara. Ya ce, "Gwaggo, wagga ta roba ce, ba irin taku ta da ba ce. Buhu nawa take riƙewa bisa mota? Yau ɗaya dai a yi maneji da ita, ranar kasuwa a sawo sabuwa."

Wani ya ce, "Iya, yara ba su yi wanka ba, dabbobi na kuka. Ki bari a yi abin da ya kawo mu." Gaskiya ya faɗa, na ga jarkokin da aka jera babu komai a ciki, na kuma san abin da ƙishin bazara yake. Amma kalmar nan da ta fito daga bakin ɗan Yaya Sale, a gindin tsamiyar nan, ita ta hau mini kai. Na naɗe igiyar na zauna a kai, yadda na ga an yi.

Dariya suka yi. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka ta hoto. Direban ya ce, "Iya, ki taimaka ki tashi, da yamma lodi gare ni." Da na ƙi, mutum biyu suka kama ɗaya kan suka ja a hankali, suna ba ni haƙuri suna ja, igiyar ta zare daga ƙarƙashina har na kusa kifewa. Ban yi nauyin Inna ba, mutanen kuma ba su da kunyar mutanen wancan lokaci. Na zauna a ƙasa cikin ƙura, tsohuwa da ni, ana yi mini dariya, ina kallo suna miƙa wa Hamisu kan igiya. Wallahi na ji hawaye ya taho, na baƙin ciki ba na tausayi ba. Na tuna gwaggonmu da ta kakkaɓe hannu ta ce lafiya lau, na ce a raina ni ba za a ba da labarina haka ba.

Na miƙe na fizge kan igiyar daga hannunsa. Na zagaya ta a ƙuguna bisa zane, na yi mata ƙullin da muke yi wa itacen girki, wanda ba ya kwancewa sai an so. Na nufi bakin rijiya.

Na ce, "Ku kama. Ni za ku fara saukewa. Ban kai rabin nauyinshi ba, in ta kai ni ƙasa ta dawo da ni, sai shi shiga. Ai yau ɗaya ce, a yi maneji."

Suka ƙara fashewa da dariya, a zatonsu wasa nake. Na zauna a kan itacen nan mai zane-zane, na zura ƙafafuna ciki. Sanyin rijiyar ya bugo ni da warin lakar da na sani tun ina yarinya, takalmina ɗaya ya zame, na daɗe ban ji saukarsa ba. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma na dafa itacen na fara zamewa gaba, ina cewa, "Ku riƙe mana, me kuke jira?"

Ban ga tahowar Hamisu ba, sai ji na yi an cafke ni ta hammata an yi baya da ni, muka zube tare cikin ƙura. Yana haki yana ihu a kunnena: "Gwaggo! Ki ruhwa mani asiri! Wallahi wagga igiya ba ta ɗaukar mutum!"

Dariyar ta ɗauke. Mai waya ya sauke hannunsa.

Na gyara ɗankwalina na ce, "Sake faɗi, kunnen ya tsufa, ban ji ba."

 Hamisu ya durƙusa a gabana yana son kwance ƙullin, ya kasa, sai da ya karɓi wuƙa a hannun wani ya yanke. Direban ya buɗe baki zai yi maganar igiyarsa, ya dubi fuskar Hamisu, ya fasa. Aka sha kunu, don shi ma ba a mayar da shi gida, aka watse ba mai kallon wani.

Sai da aka jira ranar kasuwar Kankia. Kafin nan ruwa sai a amalanke daga wani ƙauye, mata suka daina amsa gaisuwata da kyau, har na ji wata ta bayan danga tana cewa tsohuwar birni ta zo ta hana su ruwa ta koma gidanta mai famfo. Ban koma ba kuwa, na zauna na sha ruwan amalanke tare da su, da takalmi ɗaya na aro. Da aka kawo sabuwar igiya, ita ma ta roba ce, don ba mai tufka rama yanzu, Hamisu da kansa ya shimfiɗa ta a ƙasa ya aiko a kira ni. Na bi ta daga kai zuwa kai, ban yi sauri ba, da gangan ma na ƙara jinkiri don masu dariyar nan su sha rana. Na ce to. Aka sauke shi. Da muryarsa ta taso daga can ƙasa yana cewa a ja kwando, sai na ji muryar ubansa sak, na koma bayan tsamiya na zauna don kada a ga fuskata. Ya fito duk laka har gira, da takalmina a hannu.

Kalmar dai tana nan, ban kashe ta ba, jiya ma mai gyaran fanka ya faɗa mini ita a tsakar gidana. Shuɗiyar igiyar kuma direban ya bar musu, sun ɗaura mata guga. Ranar nan matar Hamisu ta kira ni a waya, bayan mun gaisa na ji tana danne dariya, ta ce, "Gwaggo, igiyar nan taki fa har yau ba ta tsinke ba, kullum da ita muke jan ruwa."

Na ce mata, "Guga ku yi ta maneji da shi har ya gaji. Ɗan Yaya Sale ne ban yarda ba."